Yadda Na Koyi Riƙe Saniyar Tatsa a Bayan Gida

Na sayi saniyata a kasuwar Wudil ranar wata Juma'a cikin watan Oktoban 2021, amma maganar sayenta ta yi kusan shekara biyu tana yawo a gidanmu kafin wannan rana. Ni malamin makarantar firamare ne, ina zaune a wani ƙauye da ke kudu maso gabashin Kano, kuma abin da na mallaka shi ne gona wadda ba ta wuce eka huɗu ba, sai wani fili a bayan gida inda muke ɗaure awaki uku. Abin da ya tunzura ni shi ne yadda nono yake yi mana wuya da zarar rani ya shiga, domin Fulanin da ke kusa da mu sukan kora mafi yawan shanunsu zuwa kudu neman ciyawa da ruwa, sai a bar mata da tsofaffi da 'yan shanu kaɗan, nonon da ake kawowa kuma ya ragu, ya yi tsada, wani lokaci ma a tsinka shi da ruwa. Muna da yara shida, kuma uwargida ba ta yarda a wuni ba a dama fura a gidan ba. Na yi lissafin abin da nono da madarar gari suke ci mana a shekara, sai na ga kamar saniya ɗaya za ta raba mu da wannan ɗawainiya gaba ɗaya.

Kafin in taɓa kuɗin adashen da na ɗauka, na je wurin wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen garinmu, wanda kowa yake kira Baffa, na zayyana masa niyyata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambaya guda: "Malam, me za ta ci idan bazara ta yi?" Na amsa masa da cewa ina da karan dawa da harawar wake, ga kuma dusa da ake samu a injin niƙa. Ya tambaye ni dami nawa ne harawar, na faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka. A lokacin na ɗauka ya gamsu ne, ban gane cewa ya ga ramin da zan faɗa ba, kuma ya san cewa mai zumuɗi ba ya jin kira.

Shi ne ya taimaka mini wajen zaɓen iri. Raina ya fi karkata ga irin shanun nan da ake haɗa jinin Bunaji da na Firisiyan, wato shanun Turai masu yawan madara, waɗanda cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansu, domin na ji cewa suna ba da madara ninkin abin da shanunmu na gida suke bayarwa. Malamin dabbobi na yankinmu ya tabbatar mini da haka, amma ya ƙara da cewa irin wannan saniya tana bukatar abinci mai yawa da ruwa mai yawa da inuwa mai kyau, kuma ba ta jure kaska da zafi kamar tamu, saboda haka wanda bai taɓa riƙe saniya ba yana iya rasa ta cikin shekara guda. Sai zaɓi ya rage tsakanin Bokoloji, wato Gudali ta ƙasar Sakkwato mai gajeren ƙaho da sanyin hali, da kuma Bunaji, farar saniyar da ta fi kowace yawa a ƙasar Kano. Baffa ya ce Rahaji, ja mai dogon ƙaho, saniyar tafiya ce, ba za ta yarda da turke ba. Muka tsaya a kan Bunaji saboda ana samunta a kusa, kuma bijimin irinta yana nan a rugar Baffa idan lokacin barbara ya zo.

Ranar kasuwa na ga abin da ake nufi da ido na mai sani. Ni da na shiga kara sai idona ya tafi kan wata karsana mai ƙiba da sheƙi, amma Baffa bai ko tsaya a kanta ba, ya ce wadda ba ta taɓa haihuwa ba babu wanda ya san nononta ko halinta wajen tatsa. Ya wuce wurin wata saniya mai matsakaicin jiki, ya sa aka kama ta, ya buɗe bakinta ya duba haƙoran gaba na ƙasa, domin saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, kuma da yawan manyan haƙora da yadda suka ci ake gane shekarunta. Ya tsuguna ya shafa hantsarta, ya matsa kan nono huɗun ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙulli ko tauri, ya duba hancinta ya ga yana da danshi, ya bi fatar bayanta da tafin hannu yana neman kirci, sannan ya sa aka ja ta ta yi tafiya don ya ga ko tana ɗingishi. Mai ita ya ce haihuwarta biyu kuma tana da ciki na wata bakwai. Baffa ya danna gefen cikinta na dama da dunƙulen hannu, ya dakata, ya sake dannawa, ya ce akwai ɗa, amma watannin sai dai mu bar wa Allah. Aka yi ciniki ta hannun dillali, na biya la'ada, na karɓi takardar shaidar saye, wadda ba na raina ta a wannan zamani na satar shanu, muka ɗora ta a mota zuwa gida.

Na riga na kafa mata rumfa a bayan gida da ginshiƙan itace da rufin kara, na tayar da ƙasar wurin don kada ruwa ya kwanta, na kafa turke mai ƙarfi, na yanka duro biyu, rabi na abinci rabi na ruwa. Abin da ban shirya masa ba shi ne kaɗaici. Saniyar da ta tashi cikin garke ba ta san zaman ita kaɗai ba, saboda haka kwana uku na farko ta yi su tana kuka dare da rana, tana zagaya turke har igiya ta nannaɗe, ba ta taɓa harawa ba sai ruwa kaɗan. Maƙwabta suka fara tsokana cewa Malam ya yi amarya mai kukan gida, yara suka kama sunan, har yau kuma Amarya ake kiranta, uwargida ma takan ce ita ce kishiyar da ba ta taɓa jin haushinta ba. Baffa ya ba da shawarar a matso da awaki kusa da ita, aka yi haka, a rana ta huɗu na fito da asuba na same ta kwance tana tuƙa, na san hankalinta ya fara kwanciya.

A makon farko na kira malamin dabbobi. Ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ciwon hanta irin wanda ba ya cutar da mai ciki, ya wanke ta da maganin kaska, ya kuma rubuta mini lokutan rigakafi a bayan wani littafin makaranta: na ciwon huhu, da na harbin daji mai kumbura cinya ko kafaɗar dabba, waɗanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato take sarrafawa, kuma ya ce idan na ji labarin ɓoru a kusa, wato ciwon baki da kofato, kada in bari ta sha ruwa a inda wasu shanu suke sha. Ya tambaye ni ko ta taɓa ɓari, na ce ban sani ba, sai ya yi mini bayanin bakkale, cutar da ke sa saniya zubar da ciki kuma take kama mutum ta hanyar ɗanyar madara ko taɓa mahaifa da hannu tsirara. Daga wannan rana aka kafa doka a gidan cewa babu mai shan madara sai an tafasa, saboda bakkale da kuma tarin fuka, ko da yake yara sun so su riƙa kurɓar ta da ɗuminta kamar yadda suka ga 'ya'yan Fulani suna yi.

Ta haihu a tsakiyar Disamba, cikin sanyin hunturu. Kwanaki kafin nan hantsarta ta cika ta yi tauri, gindin wutsiyarta ya saki, ranar kuma ta ƙi cin abinci tun la'asar, tana kwanciya tana tashi. Bayan sallar isha'i na aika babban ɗana ya kira Baffa, muka zauna nesa kaɗan da fitila, domin ya ce yawan matsa mata yana sa ta riƙe naƙuda. Can sai faya ta fashe, ƙafafu biyu na gaba suka leƙo da hanci a bisansu, Baffa ya ce alhamdu lillahi, ya zo daidai, kada kowa ya ja. Cikin ƙasa da sa'a guda maraƙi namiji ya faɗo a kan ciyawar da muka shimfiɗa, Baffa ya share masa majina daga hanci da baki, ya ja shi gaban uwar, ita kuma ta shiga lasarsa da wani irin gurnani da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na tsoma cibiyarsa cikin aidin kamar yadda malamin dabbobi ya koya mini. Ba mu kwanta ba sai da muka ga ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa ya kama nono, domin dakashin da yake sha a sa'o'in farko shi ne garkuwar jikinsa, idan kuma ya makara amfaninsa yana raguwa. Mahaifa ta faɗo kafin asuba, na ɗauke ta da shebur na binne.

Mako guda muka bar wa maraƙi nonon gaba ɗaya, sannan aka shiga koyon tatsa, wanda shi ne darasin da ya fi ƙasƙantar da ni. Saniyarmu ta gida ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta kuma ta ji bakinsa, saboda haka ana raba su da dare, da safe a saki maraƙi ya tsotsa na ɗan lokaci har kan nonon ya cika ya miƙe, sai a janye shi a ɗaure kusa da kanta inda za ta riƙa lasarsa, a yi mata dabaibayi a ƙafafun baya, mai tatsa ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Matar Baffa ta yi wannan a gabana cikin 'yan mintuna, madara tana sauka da ƙara har kumfa ta taso. Ni da na karɓa sai na riƙa jan kan nonon kamar mai jan igiya, saniya ta ƙame jikinta, nono ya tsaya, ta yi fitsari, ta kaɗa wutsiya ta watsa mini a fuska, a ƙarshe ta yi tsalle da ƙafafu biyu ta kifar da ɗan abin da na tara. Matar Baffa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, wannan ba alli ba ne, a hankali ake bi da shi." Ta nuna mini yadda ake kama saman kan nonon da babban yatsa da manuniya a rufe hanya, sannan a matse zuwa ƙasa da sauran yatsu ba tare da ja ba. Sai da na yi kusan mako biyu kafin hannuna ya faɗa, uwargida kuwa cikin kwana huɗu ta iya, kuma saniyar ta fi sakin jiki da ita, don haka tatsar safe ta koma hannunta.

A watanni biyun farko muna samun kimanin lita biyu da rabi da safe, bayan an bar wa maraƙi kan nono ɗaya da abin da ya saura a sauran. Wannan bai kai abin da na yi mafarki ba, amma ya wadatar da gida. Uwargida tana tace madarar da farin ƙyalle, ta tafasa, ta bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, ta zuba cokali ɗaya na kindirmon jiya, ta rufe ƙwarya da faifai ta ajiye a ɗaki, washegari ya kama. A lokacin sanyi yakan ƙi kamawa da wuri sai an lulluɓe ƙwaryar da zane, a lokacin zafi kuma idan aka yi sakaci ya yi tsami. Maiƙon da ke taruwa a sama tana kwashe shi tana tarawa, bayan kwana uku ko huɗu ta kaɗa ta fitar da man shanu, ta soya shi da albasa, ƙamshin ya cika unguwa. Na bi al'adar Fulani a kan cewa saniya ta maigida ce amma nono na matar gida ne, saboda haka abin da ya ragu ta sayar wa maƙwabta kuɗinta ne, kuma ina ganin wannan ne ya sa ba ta taɓa gajiya da wanke ƙwarya da shanya ta a rana ba.

Tambayar Baffa ta dawo mini a ƙarshen Fabrairu. Na hau rumfar da na jibge harawa sai na ga saura dami kaɗan, domin ina zuba mata ba awo, tana zaɓar ganye tana tattake sauran. Karan dawa kuwa na bar shi a gona har rana ta gama cinye shi, ganyen ya kakkaɓe, abin da na kwaso sanda ce kawai. Zuwa tsakiyar Maris harawa ta ƙare ƙaf, daidai lokacin da kuɗinta a kasuwa ya yi tashin gwauron zabo, dusa ma ta yi tsada saboda masu kiwon ragunan layya sun fara saye. Madara ta sauko daga lita biyu da rabi zuwa abin da bai cika lita ɗaya ba, tozon saniya ya kwanta, haƙarƙarinta ya fito har ana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa, maraƙi kuma gashinsa ya tashi. Ruwa ma ya zama aiki, domin a zafin Afrilu tana shanye jarka biyu masu lita 25 a rana, rijiyar gida ta ja baya, yara suna turo amalanke daga rijiyar burtsatse kafin su tafi makaranta. Albashina na wata biyu kusan rabinsa ya tafi a sayen harawa da dusa da ƙulin auduga, abin da na ce zan tsira daga sayen nono sai ga shi ina kashe fiye da shi.

Cikin wannan matsi na yi kuskure na biyu, na fara sakinta da rana ta yi kiwo a bayan gari tare da yaro. Wata rana na hango ta a kan juji tana tauna baƙar leda, na ruga na zaro abin da ya saura daga bakinta. Malamin dabbobi ya gaya mini cewa dabbar da yunwa da ƙarancin gishiri suka dama takan ci leda da tsumma, ledar kuma ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi ta dunƙule, dabba ta riƙa ramewa ba a san dalili ba, kuma mahauta suna yawan ciro irin wannan ƙunshi a mayanka. Ya sa na daina sakinta, na ajiye mata kanwa da gishirin lasa. A zaman nan ne ya yi mini lissafin da ya kamata in yi tun kafin in je Wudil. Saniya mai nauyin kilo 300 tana bukatar busasshen abinci kimanin kilo 8 kowace rana, ranin ƙasarmu kuma daga Nuwamba zuwa farkon Yuni ya haura kwana 200, ke nan tana bukatar abin da ya haura kilo 1,500 kafin sabuwar ciyawa ta fito, ban da rabon maraƙi, ban da dusa da ƙuli da ake ƙara wa mai shayarwa. Da na kwatanta da abin da na ajiye, sai na ga bai kai rabi ba. Yara suka shiga tsintar 'ya'yan gawo a gonaki, waɗanda suke zuba a rani daidai lokacin bukata, kuma sun taimaka ƙwarai wajen riƙe ta har ruwa ya sauka.

Damina ta zo da sauƙi da kuma nata matsalolin. Sabuwar ciyawa ta sa ta zawo na 'yan kwanaki, sai na koyi haɗa mata da busasshen abinci kafin cikinta ya saba. Muna yanko mata kyasuwa da harkiya da gamba daga gefen gona safe da yamma, jikinta ya murmure, madara ta ɗan dawo. Amma ƙasan rumfa ya zama taɓo, ƙuda ya yi yawa, kaska ta cika mata kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin hantsa. Wata safiya a watan Agusta uwargida ta kira ni ta ce saniya ta ƙi yarda a taɓa ta. Na duba na ga kashi ɗaya na hantsar ya kumbura, ya yi zafi, da na matsa kaɗan a kan baƙin murfin tukunya sai ga ruwa-ruwa mai gudaji kamar dagargajen awara. Malamin dabbobi ya zo ya yi mata allura, ya ce a riƙa tatse wannan ɓangaren sau da yawa a rana ana zubarwa, a gasa shi da ruwan ɗumi, kuma madarar gaba ɗaya kada a sha, kada a sayar, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika. Zubar da madara fara tas a ƙasa ya yi wa uwargida ciwo, har ta ce ko a ba maƙwabta, na ce abin da ba za mu ba 'ya'yanmu ba ba za mu ba na wasu ba. Bayan ta warke na zuba burji da yashi a ƙasan rumfa, na haƙa 'yar magudana, aka kuma ɗauki ɗabi'ar wanke hannu da goge hantsa da tsumma mai tsabta kafin kowace tatsa, tare da kwashe kashi sau biyu a rana.

Batun barbara shi ne inda ramar bazara ta ci ni bashi mafi tsawo. Saniyar da ta samu abinci takan nemi bijimi cikin 'yan watanni bayan haihuwa, amma tawa sai da ta yi wata takwas ba ta nuna alama ba, saboda jikin da ya rame ba ya ɗaukar ciki. Ga shi kuma ita kaɗai ce, babu wata saniya da za ta hau ko ta hau ta a gane, lokacin neman kuwa gajere ne, bai cika wuni da kwana ba, kuma sau da yawa da dare yake zuwa. Karo na farko na lura da kuka da rashin natsuwa da wani farin yauƙi a ƙarƙashin wutsiyarta, amma ina da jarrabawar ɗalibai, na ce sai gobe, da muka kai ta rugar Baffa washegari da yamma ta ƙi tsayawa. Baffa ya ce in ƙirga kwana 21. Na rubuta ranar a kalandar ɗaki, ranar da ta cika kuwa alamun suka dawo, na kai ta tun da hantsi, ta kwana biyu a garke. Da wasu kwana 21 suka wuce ba ta sake nema ba, muka sa rai ta ɗauka, daga nan aka fara ƙirgen wata tara da 'yan kwanaki.

Daminar 2022 ban yi noma irin na da ba. Na ware kusan eka ɗaya na shuka wake mai yaɗo wanda ya fi ba da harawa, na sa gyaɗa a wani ɓangare, na kuma gwada lablab, wani irin wake da ake shukawa don abincin dabbobi, a tsakanin kunyoyin dawa bisa shawarar malamin gona. Da kaka na yanke karan dawa da zarar an cire zangarniya, tun ganyensa yana da sauran kore, na kafe shi a tsaye ya bushe, sannan na kwaso shi gida. Harawa na naɗe ta da sassafe lokacin da raɓa ba ta bari ganye ya kakkarye, na ɗora ta a kan rumfa na rufe da zana saboda rana da gara. Na yanki ciyawa tun kafin ta tsufa na busar, na tara kowar wake da ɓawon gyaɗa a buhuna, na sayi dusa da ƙulin auduga a lokacin da suke da araha. Na sayi ƙaramin sikeli mai ƙugiya, na auna dami goma na san matsakaicin nauyinsu, daga nan na raba abin da na tara a kan watanni, na rubuta a jikin bango da gawayi. Kara kuma na daina zuba shi ɗungurungum, ana sassara shi da adda ƙanana, a yayyafa ruwan kanwa, a barbaɗa dusa, sai ta cinye har sandar. Baffa ya ja mini kunne a kan gyauron dawa da ke tsirowa bayan girbi, ya ce ɗanyensa yana iya kashe saniya cikin sa'a guda, don haka ba a kai ta gona sai an tabbatar babu shi.

Akwai wani nauyi da lissafin kilo ba ya nunawa, wato yadda saniya take ɗaure mai ita a gida. Tatsa ba ta san ranar Sallah ba, ba ta san biki ko ta'aziyya ba, kuma idan aka saɓa mata lokaci nono yana raguwa. Tun da ta zo, ni da uwargida ba mu taɓa kwana a wani gari tare ba, sai dai ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. Aikin ya rabu a kan kowa: babban yaro ruwa, na biyu kwashe kashi, 'yan mata wanke ƙore, ni kuma abinci da magani. A ɗaya gefen, takin da muka tara a rami a bayan rumfa ya kai amalanken shanu da dama, na kai shi gonar masara a ƙarshen rani, kuma ya rage mini buhunan takin zamani da nake saye, a shekarar da kuɗin takin ya fi ƙarfin yawancinmu. Idan aka tambaye ni ribar shekarar farko a kuɗi, babu ita, faɗuwa ma na yi, ta biyu ce ta fara mayar da abin da aka kashe.

Na daina tatsarta tun cikinta yana wata biyar, domin nonon ya riga ya ja baya sosai, ko da yake ka'ida ita ce a ba ta hutun aƙalla wata biyu kafin haihuwa. Maraƙin, wanda ya zama ɗan bijimi mai ƙarfi har yana fizge yara, na yi masa kiwon turke na wata uku na sayar da shi gab da babbar Sallar 2023, kuɗin kuma na raba su uku, na gyara rufin rumfa da kwano, na ajiye na dusa da magani, sauran na biya kuɗin makarantar yara. Bazarar wannan shekara ta wuce tozon Amarya yana tsaye, har da ragowar dami bakwai a kan rumfa lokacin da ruwan farko ya sauka. Ta haihu a farkon damina, wannan karon mace, kuma ban aika a kira kowa ba, ni da babban ɗana muka tsaya a kanta. Da Baffa ya zo barka da safe, ya duba maraƙar, ya shafa bayan uwar, sannan ya ɗaga kai ya ƙirga damin da ke kan rumfa, ya tambaye ni ko zan sayar da 'yar idan ta girma. Na ce masa ina so in riƙe ta, amma sai na ga abin da gonar waken bana za ta bayar, domin baki biyu harawar eka ɗaya ba za ta ishe su ba.